Mun ga juna, ba mu ga makaranta ba

Tun bayan ƙaramar Sallah ake ta kace-nace a zauren WhatsApp na ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai mata. Maganar ɗaya ce: bana ma a tattara a koma makaranta kamar yadda aka saba, ko a mayar da taron shekara-shekara kacokan kan Zoom, manhajar taro ta bidiyo, yadda muka yi lokacin korona? Masu son Zoom sun fi yawa, sun kuma fi baki. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sai mace ta yi lissafi sau biyu kafin ta ce za ta taso daga Azare ko Gombe zuwa Bauchi, balle wadda aure ko aiki ya kai Legas. Ga hanya ba tabbas. Wata ta rubuta cewa, "Ai mun gwada a 2020 kuma ya yi. Wahalar ta mece ce?"

Ni ban yarda ba. Da yake a zaure in kika yi dogon rubutu babu mai karantawa, sai dai a bi ki da sitika, bari in baje dalilina a nan.

Kada a ɗauka ina cikin masu cewa babu korona. Ina cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a 2020 cewa kada a haɗu, kuma har gobe ban yi da-na-sani ba. Mutane ne da saurin mantuwa. Ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Legas, wani ɗan Italiya, mu a nan muna cewa ciwon masu hawa jirgi ne. Wata guda bai cika ba, ranar 24 ga Maris, aka sanar da cewa Gwamnan Bauchi Bala Mohammed kansa ya kamu. A daidai wannan lokacin aka rufe makarantu. Cikin Afrilu Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ya rasu, a Kano aka yi ta binne dattawa ana tambayar me ke faruwa. Watan Mayu labarin mace-macen Azare ya tashi, har gwamnatin jiha ta kulle Katagum da Giade da Zaki. Shekarar nan ko mutum ɗaya bai tashi daga Najeriya zuwa aikin Hajji ba. Allurar rigakafi kuwa sai a Maris na 2021 ta iso ƙasar. To a irin wannan hali ne za a tara mata, da yawansu sun haura hamsin, wannan da hawan jini, waccan da ciwon suga, a ce su ba da tazara? Wa ya isa ya hana matan da suka shekara ba su ga juna ba rungume-rungume? Kafin a gama sallama takunkumi ya koma ƙarƙashin haɓa. Makarantar ma 'yan aji shida kaɗai aka bari suka koma a farkon Agusta, saboda jarrabawar WAEC da aka fara ranar 17 ga watan. Mu kwashi jiki daga gari goma mu shiga cikinsu, wannan ba zumunci ba ne, ganganci ne.

Shi ya sa muka yi ta waya, wata Asabar bayan babbar Sallah.

'Yata ce ta haɗa mini. Tana gida a lokacin, yajin aikin ASUU da aka fara a Maris bai ƙare ba sai Disamba. Ta jingina wayar da filas ɗin shayi, ta sa littafi biyu a ƙarƙashi wai don kada a riƙa leƙen hancina, ta nuna mini wata alama ta ce, "Mama, wannan ita ce bakinki. In kin ga an ja mata layi, ba a jin ki." Na yi wanka, na kashe ɗauri, har turare na fesa, tana gefe tana dariya wai wa zai ji ƙamshin.

Ƙarfe huɗu da rabi aka sa, biyar saura aka fara. Shugabarmu ta ɗauki jawabi tiryan-tiryan, har da nuni da hannu, ashe bakinta a kulle yake. Muka haɗa baki muna ihu, "Anti, ba ma jin ki! Anti Hajiya, ki buɗe!" Da ƙyar aka samu ta buɗe, sai wata daga Gombe ta manta nata a buɗe, duk muka sha faɗan da take yi wa yaro kan canjin cefane, ga lugude a bayanta. Can hadari ya taso irin na Agusta. Ruwa ya sauka a kan kwano, aka ɗauke wuta, fuskoki suka riƙa daskarewa ɗaya bayan ɗaya, wannan baki buɗe, waccan ido rufe. Kuma babu wadda ta gaya mana cewa Zoom na kyauta minti 40 yake bayarwa. Ana tsakiyar karanta sunayen 'yan uwanmu da suka rasu a shekarar, an ɗaga hannu za a yi musu addu'a, allo ya ɗauke ɗif. Kafin a turo sabon linki a sake shiga, rabinmu sun watse.

Duk da haka ba zan ci amanar wannan rana ba, don ta ba ni abin da taron ƙafa bai taɓa ba ni ba. Wata 'yar ajinmu da ke aikin jinya a Ingila ta shigo da kayan aiki a jikinta, shatin takunkumi a kumatu, ta gaya mana abin da idonta ya gani a asibiti. Daga ranar masu musun cutar a cikinmu suka rage murya. Tsohuwar malamarmu ta lissafi, wadda ƙafa ta hana ta fita shekara da shekaru, jikanta ya riƙe mata waya tana matso da fuska har sai goshinta kawai ake gani, tana cewa, "'Ya'yana, ku yi magana ɗaya-ɗaya in gane ku." Ta kuwa gane mu, har da wadda ta taɓa kamawa da garin kwaki a aji.

Sai kuma wani baƙin akwati a ƙasan allo, ba hoto, ba suna, lambar waya kawai. Ba ta ce uffan ba har aka kusa tashi. Da wata ta tuno ranar da muka yi bore kan gabza, muka jera kwanuka a ƙofar ɗakin cin abinci, sai aka ji dariya daga akwatin nan, wata irin dariya mai shaƙewa a ƙarshe. Mu uku muka kira sunanta a tare. Gadonta na saman nawa shekara biyu. Tun da aka kai ta ɗaki a wani ƙauye wajen Ningi, sama da shekara ashirin, ba ta taɓa zuwa taro ba, don maigidan ba ya son fita. Wayar ƙanin mijinta ta ara. Ranar na yi kuka, ban kuma damu da wa ke kallona ba.

To wadda ta ga wannan, me zai sa ta ƙi a dawwama a haka? Saboda a duk sa'o'in nan akwai wadda ba ta halarci taron ba, kuma ita ce mai taron. Makarantar nake nufi.

Shekarar da ta gabaci korona mun je da ƙafarmu. An share harabar, an shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, an jera mana kujeru a ɗakin taro. Shugabar makaranta ta san baƙi za su zo. Sai dai tsohuwar ɗaliba ba baƙuwa ba ce, ta san hanyar baya. Ana cikin jawabai ni da ƙawata muka zame zuwa ɗakin kwananmu na da, ba don binciken kowa ba, don kawai mu ga inda muka kwana. Tagogin babu raga. Silin ya rufto a kusurwa an tokare shi da ƙarfen gado. An haɗa katifa biyu a ƙasa, kuma daga yawan akwatunan da ke kansu ka san ba mutum biyu ke kwana a wurin ba. A bakin famfo bokitai ne a jere, kowane da sunan mai shi da fenti, famfon kuwa ƙura ce a bakinsa. Wata 'yar aji ɗaya, hijabi har ƙasa, ta durƙusa ta gaishe mu. Ƙawata ta ce, "'Yan mata, ina kuke ɗiban ruwa?" Ta nuna can baya, ta inda katanga ta faɗi, ta ce akwai rijiya a gonar wani. Banɗakin ba sai na bayyana ba, tun daga nesa ya tare mu.

Muka koma ɗakin taro muka jawo mata, rukuni-rukuni, da leshinsu da takalmansu masu tsini. Da aka dawo babu wadda ta nemi a yi jawabi. Wata ta cire gyale ta shimfiɗa a kan tebur, kowa ta buɗe jaka. Kafin Magariba an haɗa abin da zai tayar da rijiyar burtsatsen, wata da maigidanta ke sayar da kayan gini ta ce simintin katanga a barta da shi.

A taron Zoom an yi alƙawarin da ya ninka wancan. "Ni zan ba da kaza," "A rubuta mini kaza." Ma'ajiyarmu ta yi wata uku tana tura lambar asusu a zaure har ta fara jin kunya. Ba na cewa wata ta yi ƙarya, shekarar ta matse kowa. Amma na lura da abu guda: alƙawarin da aka yi a kujerar falo, fanka na kaɗawa, ba ɗaya yake da wanda wari ya sa aka yi ba. Waya tana kawo murya, tana kawo fuska, ba ta kawo wari, ba ta kuma kawo nauyin idon yarinyar da ta durƙusa a gabanki.

An ce mini ai sai a ɗauki bidiyo a turo. Wa zai ɗauka? Shugabar makaranta ma'aikaciyar gwamnati ce, akwai na sama da ita, kuma ta san abin da zai biyo baya idan hoton banɗakin makarantarta ya fara yawo daga waya zuwa waya. Ban ga laifinta ba, ni ma na ci albashin gwamnati. Za ta nuna ɗakin kwamfuta da filawar gaban ofis. Kyamara inda aka juya ta nan take kallo. Ƙafar tsohuwar ɗaliba kuwa ba a juya ta.

Akwai kuma su yaran kansu, waɗanda mu manya muke mantawa cewa suna kallonmu. UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce a ƙololuwar annobar rufe makarantu ya shafi ɗalibai sama da biliyan 1.5 a duniya. A wasu ƙasashe yaro ya koma gaban kwamfuta ya ci gaba da darasi. A nan jihohi rediyo suka koma, don gwamnati da kanta ta san inda intanet ya tsaya. Yarinyar ƙauye kuwa da ta yi wata shida ko bakwai a gida, ba darasi kaɗai ta rasa ba. Wata malama da ke koyarwa har yanzu ta gaya mini cewa da aka buɗe, akwai gadajen da masu su ba su dawo ba, da aka bincika sai aka ji an sha biki. Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba aka kwashe yara a Ƙanƙara cikin Disamban 2020, aka kwashe 'yan mata a Jangebe a Fabrairun 2021, ga tabon Chibok na 2014 da Dapchi na 2018 bai warke ba. Uban da ke Darazo ko Gamawa, da aka ce ya kai 'yarsa makarantar kwana, yana da dalilin yin jim. Mu ba mu da bindiga, ba mu da kasafin kuɗi. Abin da muke da shi jikinmu ne. Mu shiga ɗakin kwana, likita da alƙaliya da shugabar firamare da mai shagon atamfa a kasuwar Wunti, kowa ta dafa gado ta ce wa yarinya, a nan na kwana, ni ma na ci wannan gabzar. Yarinya ta je hutu ta ba da labari a tsakar gida. Wannan ba ya yiwuwa ta allon da ko wutar kunna shi babu a makarantar.

Ban da haka, ranar da motocin tsofaffin ɗalibai suka cika harabar, ma'aikatar ilimi takan turo wakili. Ya zauna a gaba, ya sha lemo, sannan a ce masa, "Ranka ya daɗe, taso mu zagaya." Kunya tana aiki a ƙasar nan fiye da takardar koke. Wakilin da aka gayyata Zoom kashe kyamara zai yi ya ci gaba da harkarsa.

Masu cewa intanet ya fi sauƙi ga kowa, ina so su sake duba wannan "kowa" ɗin. Mu da muka shiga a 2020 su wane ne? Ma'aikata, matan manya, 'yan Abuja da Kaduna, da irina masu 'ya'yan jami'a a gida. A ajinmu akwai waɗanda har yau ƙaramar waya mai tocila ce a hannunsu, sai an kai caji shago. Akwai wadda miji ya rasu ya bar ta da marayu, akwai malamar firamare a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis. Bidiyo na awa biyu ba ƙaramar data yake ci ba, kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Waɗannan matan su suka fi kowa bukatar ƙungiya. A taron ƙafa za ki biya ki ɗauke ta a motarki, ki ga yadda ta rame, ki ga takalmin ƙafarta, in za a rabu ki damƙa mata abu a hannu ba tare da kowa ya gani ba. A zaure kuwa ko gaisuwa ta yi, "lafiya lau" za ta rubuta.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: mu muka ɓata taron ƙafar da hannunmu, tun kafin korona. Abin da ya kori mata ba kuɗin mota ba ne kaɗai. Anko ne. Kowace shekara sai an fitar da sabon leshi ko atamfa mai tsada, ga ɗinki, ga kuɗin rajista, ga mai gabatarwa, ga mai hoto, ga abinci a roba da ruwan gora mai ɗauke da tambarin ƙungiya. Taro ya koma wurin auna gwal da makullin mota. Wadda ta fi mu ƙoƙari a aji, in Allah bai buɗa mata ba, sai ta ce ba ta da lafiya. Wata shekara ma har cewa aka yi a kama ɗakin taro na otal a Abuja, wai makaranta akwai ƙura. To wannan da Zoom duk kanwar ja ce, don a duka biyun mu muke kallon junanmu, makaranta na can. Na fahimci wadda ta gaji da wannan har take ganin waya ta fi mata kwanciyar hankali. A allo kowa akwati ɗaya gare ta, daidai da na matar kwamishina. Wannan daidaiton na ji daɗinsa ni ma.

Amma in ƙaya ta soki ƙafa, ƙayar ake cirewa. A soke ankon, kowa ta zo da abin da ke jikinta. Kuɗin da za a ba mai gabatarwa a zuba wa motar haya mai, ɗaya ta taso daga Azare ta biyo ta Misau, ɗaya daga Gombe ta biyo ta Alkaleri. Muna Bauchi, garin masa, me ya kai mu odar abinci daga otal? A kira masu tanda biyu su kafa a gindin bishiya, a ci da yaran makarantar. In kowace shekara ta yi nauyi, a mayar da shi shekara bibbiyu, ba zan yi musu ba. Taron shugabanni na wata-wata, lissafin kuɗi, tsara wa za ta yi me, duk a yi su ta waya, ai dama ba sa bukatar a ƙona mai. Ranar babban taron kuma a kafa waya ɗaya a gaban ɗaki, a biya na kuɗin don kada ya yanke a minti 40, a ba wata yarinya mai kai ta kula da ita, domin ta Ingila da ta Saudiyya da malamarmu da duk wadda ƙafa ko kulle ya riƙe. Wannan ƙofar korona ce ta buɗe mana ita, kuma ba na so a rufe. Abin da na ƙi shi ne a ce ita ce gidan.

Na kira shugabarmu na gaya mata duk wannan. Ta saurara har na gama, ta ce, "Ke dai tun kina ƙaramarki ba kya raina abin faɗa." Na ce, "Anti, ko mu goma ne za mu je." Ta ce za a kaɗa ƙuri'a a zaure, na ce to, amma a tuna waɗanda ba sa zauren ba su da ƙuri'a.

Ita kuwa mai dariyar nan ta wajen Ningi, tun daga ranar ban bar ta ta sake ɓace mini ba. Na karɓi lambar ƙanin mijin, daga baya ta samu tata. Mukan yi waya in ta hau tudun bayan gidansu. Bara na je har ƙauyen da goro da turmin atamfa, na gaishe da uwar mijinta, na durƙusa na gaishe da maigidan daga bakin zaure. Bana da na sake tuntuɓarsa ta bakin nawa maigidan, ya yi shiru, sannan ya ce in har a ƙofar gida za a ɗauke ta, a kuma dawo da ita kafin Magariba, ya amince. Ta tambaye ni ko darbejiyar bayan ɗakin cin abinci tana nan. Na ce tana nan a zuwana na ƙarshe, amma ta zo ta duba da kanta, ƙarfe bakwai na safe muna ƙofar gidansu.